Na'urar XRF ta hannu a cinikin manganis: ta tace kaya ce, ba ta yanke farashi ba

Dillalan ma'adinai masu tara kaya a rumbunan Apapa kafin lodin kwantena sun rungumi na'urar XRF ta hannu, mai auna ma'adinan dutse da hasken eksre, irin su Niton da Vanta. Ka kafa bakinta a jikin dutse, ka danna kunama, kafin minti ɗaya ta nuna maka kason manganis da na ƙarfe. Sauri kam ba a magana. Sai dai wurin da take leƙawa bai wuce ƙwayar wake ba, kuma fatar dutsen kawai take gani.

Shi kuwa yawancin manganis ɗin duniya a ƙasan teku ya kwanta. A zurfin da babu oksijin, narkakke yake zama cikin ruwa; in ruwan ya taso gaɓa ya haɗu da mai iska, sai ya zube ƙasa baƙi ƙirin. Ƙarfe ya fi shi saurin zubewa, shi ya sa suke rabuwa hawa-hawa. A Kalahari ta Afirka ta Kudu, shimfiɗa uku ta manganis ce tsakanin duwatsun ƙarfe, tun sama da shekara biliyan 2. Ko yau haka abin ke gudana a Bahar Aswad. To dutsen da aka gina shi hawa-hawa, in ka harba wannan gefe ka harba wancan, lamba biyu za ka samu, mai saye da mai sayarwa kowa ya riƙe wadda ta yi masa.

Maganin shi ne a ɗebo daga buhuna da dama, sama da ƙasa, a busar a zafin digiri 105 (laimar Legas na rage lambar), a niƙa ya wuce rariya mai maikiron 75 (maikiron dubu ne milimita ɗaya), sannan a auna garin sau uku. Kada a riƙe samfur a tafin hannu ana harbi; hasken eksre ne.

Inda na'urar ta fi gazawa: ba ta ganin kabon da oksijin, don haka ba ta bambance nau'ikan dutsen manganis biyu, wato oksayid da kabonet. Kabonet ɗin ya samu ne a lakar teku mai ruɓaɓɓun halittu, kamar na Nsuta a Ghana, kuma ko tsantsarsa ne manganis ɗinsa bai kai kashi 48 ba, alhali na firolusayit, wanda oksayid ne, na kai 63. Don bambance su, ɗigon haidirojin feroksayid na kemis yana tafasa a kan oksayid nan take. Fosforas ma, wanda masu narka ƙarfe ke ƙi, ba ta auna shi da kyau in kaɗan ne, kuma ƙarfe mai yawa na iya rikita lissafin manganis don siginarsu na maƙwabtaka.

Wajen ware buhun banza daga na kirki ta ci kuɗinta. Amma kwangilar da aka ƙulla a kan kashi 37 ko 44, takardar ɗakin gwaji ce za ta tsaya maka.