Salansa biyu na saya, amma ɗaya ce ke bina filin harbi

Shekarata goma sha ɗaya a gefen Houston, jihar Texas, kuma abin da nake sauke gajiyar mako da shi shi ne harbin farantin ƙarfe a filin harbi ranar Asabar. Abin da ya kai ni sayen salansar bindiga kuwa kunnena ne. Na hagu ya fara yi mini wani siririn kuka da dare, likita ya tambaye ni abin da nake yi a lokacin hutu, da na faɗa masa sai ya ce to ga amsar nan a bakinka.

Mu a gida in an ce salansa, ta mota ko ta babur ake nufi, kuma ba a yi kuskure ba, don aikinsu ɗaya ne: a tare iska mai zafi a cikin ƴan ɗakuna ta huce kafin ta fita. Wanda ya yi rajistar haƙƙin ƙirƙirar ta bindiga a 1909, Hiram Percy Maxim, ya yi aikin ta inji ma. Ubansa ne ya ƙera bindigar Maxim, wadda Turawan Ingila suka shigo da ita Kano da Sakkwato a 1903. Uba ya cika duniya da ƙara, ɗa ya zo yana neman rage ta.

Sayenta a nan ba kamar sayen burodi ba ne. Dokar 1934 ce ke kula da ita: ka cika fom na ATF, hukumar gwamnatin Amurka mai kula da harkar bindigogi, a ɗauki hoton yatsunka da na fuskarka, a bincike ka, kayan kuma su zauna a shago har izini ya fito. Ni na biya harajin dala 200 kan kowace ɗaya, kafin a mayar da shi sifiri daga farkon 2026, ko da yake rajistar tana nan. Jihohi 42 ne suka halatta wa farar hula mallakarta. Wanda ke New York ko California ko Illinois sai dai ya karanta don nishaɗi.

Fistol biyu gare ni, mai cin harsashin 9mm, wato mai faɗin milimita tara, da mai cin ƙaramin harsashin da ake kira .22. Salansar 9mm na fara saya, a 2022, bisa wani lissafi da na ga kamar wayo ne. Ramin 9mm ya fi na .22 faɗi, saboda haka ƙaramin harsashi zai wuce ta cikin babbar salansa lafiya lau, tiredin bakin bindigogin nawa biyu kuma iri ɗaya ne, 1/2x28. Na ce kuɗi ɗaya, haraji ɗaya, aiki biyu. Dattijon da ke shagon ya kalle ni ta saman tabarau ya ce zai sayar mini, amma in tuna ya gaya mini zan dawo. Wata takwas na yi ina jiran takarda.

Ranar da na ɗaura ta a kan fistol ɗin 9mm, na harba na farko na tsaya ina kallon bindigar. Ƙarar ta ragu, babu shakka, amma ba ta yi kusa da abin da na sa rai ba. Fistol irin wannan tsirara ƙararta tana kai wajen desibel 160 a ma'aunin ƙarfin sauti, salansa ta sauko da ita wajen 130, wanda har yanzu ƙara ce mai sa mutum ƙifta ido. Sannan harsashin da na zo da shi mai nauyin giren 115 ne (giren ma'aunin nauyin harsashi ne), yana gudu fiye da sauti, don haka yana yin tasa tsawar a iska, wadda babu salansar da za ta hana. Sai da na koma mai giren 147, mai gudu ƙasa da mita 343 a daƙiƙa, sannan na ji bambanci na gaske. Shi kuma ya fi tsada, ba kullum ake samunsa a kan kanta ba.

Akwai sauran ƙananan wahalhalu da ba wanda ya lissafa mini. Yawancin fistol na 9mm bakinsu yana ɗan karkata sama yayin da take fitar da kwanso, nauyin salansa kuma yana hana wannan motsi, shi ya sa dole a sa wani sifirin da fistin a gindinta, abin da suke kira busta. Kaurinta ya rufe mini saiti, sai da na sauya da dogaye. Ga hayaƙi da ɓurɓushin albarushi suna dawowa fuska; in ka manta tabarau za ka yi hawaye. Bayan harsashi hamsin hannu ya fara sanin akwai kaya a gaba.

Da na mayar da ita kan Ruger Mark IV ɗina mai .22, ta yi shiru sosai, na ce ashe wayona ya ci. Sai dai ƙaramar bindiga ta koma kamar an ɗaura mata taɓarya. Babbar matsalar kuma sai bayan wata uku ta bayyana. Harsashin .22 ƙazami ne. Sinadarin da ke kunna shi a gefen gindin kwanso yake, dalmarsa yawanci ba ta da rigar tagulla mai kauri irin ta 9mm, an shafe ta da kakin zuma ko makamancinsa, albarushinsa kuma ba ya ƙonewa duka. Duk wannan yana taruwa a ciki. Wata Lahadi na shimfiɗa jarida a gareji zan wanke ta, na kwance murfi, kofunan ciki masu raba ta ɗaki-ɗaki suka ƙi fitowa. Sun manne da juna kamar ƙanzon tuwo a gindin tukunya, toka-toka, da ƙyalli-ƙyallin dalma. Da sanda da guduma ta roba na fitar da su, na kwana biyu ina jiƙawa ina kankarewa da safar hannu, don ƙurar dalma guba ce. Laifina ne, tun da an rubuta a takardarta a riƙa wankewa da wuri in an harba .22, ni ne na yi kunnen ƙashi.

A 2024 na koma shagon. Dattijon bai ce komai ba, murmushi kawai ya yi ya miƙo mini biro. Wannan karon izini bai kai mako biyu ba. Dead Air Mask na ɗauka, wadda aka yi ta musamman don .22. Nauyinta bai kai giram 200 ba, siririya ce har ba ta taɓa saiti, ba ta buƙatar busta tun da bakin Ruger a kafe yake, kofunanta na baƙin ƙarfe marar tsatsa suna zamewa su fito a jere ko bayan harbi ɗari biyar.

Harbin farko yakan ɗan fi sauran ƙara, saboda iskar da ke kwance a ciki. Daga na biyu kuwa, da harsashi mai matsakaicin gudu, abin da kake ji shi ne ƙarfen bindiga yana komawa baya yana dawowa, kwanso yana faɗuwa kan siminti, sai can farantin ya ce ƙwal. Ƙarar farantin ta fi ta bindigar. Ƴata mai shekara goma sha huɗu, wadda da take zama a mota saboda tsoron ƙara, ta tsaya gefena ta ce, "Baba, shi ke nan? Ba ni in gwada." Muna magana tana jina ina jinta, ina gyara mata tsayuwa ba tare da ihu ba. Duk da haka muna toshe kunne, don na kusa da kai a layi ba lallai yana da salansa ba.

Ga kuma aljihu. Kuɗin harsashin 9mm ɗaya yakan saya mini uku ko huɗu na .22, ita kanta salansar ta fi arha. Mai harbi don nishaɗi yawa yake so, ya yi ɗari biyu da hantsi bai ji a jikinsa ba.

Ban ce ta 9mm ba ta da rana ba. Wani abokina yana da doguwar bindiga mai cin harsashin 9mm, na ara masa ita a gabana muka gwada, bayan mun cire bustar mun sa zoben da ke kafe ta. A can ta sami gidanta: nauyin ya ɓace a jikin doguwar bindiga, hayaƙin bai dame mu sosai ba, mai giren 147 kuma ya yi laushi. Wanda ke da irin wannan, ko wanda 9mm kaɗai yake harbawa, kuɗinsa ba zai tafi a banza ba. Amma in kana da .22 kuma nishaɗi kake nema, fara da tata, kada ka yi lissafin da na yi.

Tawa babbar tana cikin akwatin ƙarfe a kulle, rabon da in fito da ita tun kafin azumi. Ƙaramar kuwa jiya ma na wanke ta, minti ashirin, don ƴata ta ce Asabar mai zuwa faranti na yadi hamsin take so.