Yankan farce a Amurka: abin da ake biya da abin da ake samu

Yaya, sallama da gaisuwa. Ina fatan ke da maigida da yara kuna lafiya, kuma jikin Inna da sauƙi. Kin ce in riƙa ba ki labarin yadda abubuwa suke a nan Greensboro, ban da na sanyi da na kewar gida da kika gaji da ji. To yau na farce zan ba ki, kuma na san sai kin karanta wa matan gida sun yi mini dariya.

Aikin da nake yi a gidan kula da tsofaffi na tsayuwa ne, ga wanke hannu da sabulu ba iyaka. Da sanyi ya shigo sai dugadugaina suka yi kaushi, faso ya buɗe kamar na mai surfe a tsakiyar hunturu, gefen farcen hannu kuma ya yi ta tsagewa. Man kaɗanyar da kika aiko ya yi iya ƙoƙarinsa. Wata abokiyar aikina ƴar Dosso ce ta ja ni shagon gyaran farce, ta ce kuɗin da nake ɓatarwa a mayukan farmasi ya isa.

Abin da ya fara tarbata wari ne, irin na sinadarin goge jan farce, mai shiga hanci har ƙwaƙwalwa. Ma'aikatan duk da takunkumi. A bango an rataye takardun lasisinsu, kowa da tasa, domin a jihar North Carolina ba a taɓa farcen mutum don kuɗi sai an yi awa 300 a makaranta an kuma ci jarrabawa. Ki auna wannan da yaron da ke bin layin Zariya yana kaɗa almakashi, ƙas-ƙas-ƙas, wanda makarantarsa ita ce bin yayansa na ƴan makonni.

Aka zaunar da ni a wata ƙatuwar kujera mai tausa baya da kanta, a ƙasanta kwano na ruwan ɗumi yana ɓulɓula. Matar ta shimfiɗa sabuwar leda a cikin kwanon kafin ta tara ruwa, sannan ta yage wata ƴar jaka a gabana ta fito da kayan aikinta na ƙarfe, alamar an dafa su tun bayan wanda ya riga ni. Abin gogar farce da dutsen kaushi kuwa sababbi ne, da ta gama ta jefa su a shara. Zuciyata ta Bamaradiya ta so in ce ta ba ni in tafi da su.

Sai an naɗe zane ko wando har gwiwa, kuma shagon ba na mata zalla ba ne. Akwai maza a cikin ma'aikata, akwai su a cikin masu zuwa, wani ƙato da kayan gini a jikinsa yana can gefe ya miƙe ƙafa yana latsa waya. Na ce mace nake so, a kujerar ƙarshe ta jikin bango, ba wanda ya ɗaga kai ya dube ni. Wannan na yaba musu: in ka faɗi abin da kake so, ba a tambayar dalili.

Aikin ƙafar ya ɗauki kusan awa guda. Ta yanke farcen a miƙe, ba ta zagaye gefe ba, ta ce zagayewar ce ke sa shi nutsewa cikin nama. Ta tura fatar gindin farce da wani ɗan ƙarfe, ta tsinke wadda ta mutu kaɗai. Da ta zo dugadugi na zaci reza za ta ɗauko, yadda ake fere kaushi a gida har sai an ga ja. A nan jihohi da yawa sun hana reza a ƙafar mutum. Wani ruwa mai kauri ta shafa, ta bar shi ya jiƙa, sannan ta bi da dutse a hankali, kaushin yana zuba fari a kan tawul. Ban san ina da cakulkuli a tafin ƙafa ba sai ranar, na yi ta janye ƙafa tana riƙowa tana dariya ta cikin takunkumi. Daga nan ta murje ƙwaurina da wani abu mai tsakin sukari, ta naɗe da tawul mai zafi, ta shafa mai. Ke kin san dilka da halawar da ake yi wa amare, to wannan ƙanwarsu ce, kuma ba ta kai su ba.

Ta ga sauran lallen da ke farcen babban yatsana, wanda ya tsiro ya kai rabi, ta tambaye ni ko ciwo ne. Na ce ado ne na ganye. Ta kira ta kusa da ita suka duba, suka yi magana da yarensu.

Ƴan Biyetnam ne, kamar da yawa daga cikin masu wannan sana'a a Amurka, kuma yadda abin ya faro zai ba ki sha'awa. A 1975, da yaƙin ƙasarsu ya ƙare aka kwaso ƴan gudun hijira, wata ƴar fim mai suna Tippi Hedren tana kai ziyara wani sansani kusa da Sacramento a jihar Kalifoniya. Matan suka riƙa kallon farcenta, sai ta kawo mai gyara mata farce ta koya wa mata 20 daga cikinsu. Daga nan wannan ta jawo ƙanwarta, waccan ta jawo mijinta, har sana'ar ta zama tasu. Ina zaune a kujerar nan sai na tuna samarinmu da ke tafiya cirani Legas da Akara da Abijan bayan an gama girbi, da almakashi da ɗan soso da gorar ruwan sabulu a aljihu. Sana'a ce mai ƙaramin jari wadda ba ta neman ka iya harshen gari, shi ya sa baƙo ke fara kama ta. Kuma ba duka ne ke jin daɗinta ba. A 2015 jaridar New York Times ta tona yadda ake biyan wasu ma'aikatan shagunan New York ƙasa da ƙa'ida, ga shaƙar sinadari yini guda, har sai da gwamnan jihar ya sa sababbin dokoki.

Da aka koma hannu sai aka miƙo mini wani faifai mai launukan jan farce sun fi a ƙirga, wai in zaɓa. Wanda ake yayi shi ne mai kauri da ake busarwa a ƙarƙashin wata ƴar fitila mai shuɗin haske, yana yin mako biyu ko fiye bai ɓare ba, kuma ba ya fita sai an jiƙa shi a sinadari. Na ce a'a, saboda alwala, ruwa ba ya ratsa shi. Akwai wani da ake tallatawa wai yana barin ruwa ya wuce, amma malamai ba su haɗu a kansa ba, ni kuwa ba zan ɗora sallata a kan rubutun jikin kwalba ba. Wasu ƴan'uwa a nan sukan sa a kwanakin da ba sa salla su cire daga baya, kuɗi biyu ke nan. Na ce ta goge mini farcen kawai, ta bi shi da wani ɗan soso har ya yi sheƙi da kansa. A nan lallenmu ya yi musu fintinkau: yana rina farce ba ya rufe shi, kin yi adonki kin yi sallarki, kuma da dala ashirin ta sefa kin sayi ƙulli.

Yanzu ki gyara zama. Hannu da ƙafa dalar Amurka 55. Sannan akwai tukwici, wanda a nan ba ganin dama ba ne, kashi 15 zuwa 20 cikin ɗari ake sa rai, na ƙara 10. In kin juya shi ya doshi jika arba'in na sefa, kuɗin buhun hatsi har da canji in damina ta yi kyau. Mafi ƙarancin albashi a jihar nan dala 7.25 ne a awa tun 2009, wato mai karɓar wannan sai ya yi aikin yini guda cur kafin ya biya abin da aka yi mini a awa ɗaya da rabi. Kada ki ji ana cewa kowa a Amurka yana zuwa, masu zuwa duk wata su ne masu hali.

In don iya yanka ne, wallahi yaron bakin babbar kasuwa bai bar mata komai ba. Hannunsa ya fi nata sauri, yana gama yatsu ashirin kafin shayi ya huce, ya ƙwaƙule gefe tsaf, ya karɓi ɗari ko ɗari biyu ya yi godiya. Abin da na biya jika arba'in dominsa shi ne jakar nan da aka yage a gabana. Almakashin yaronmu ya taɓa mutum nawa tun safe, ya ji wa nawa ciwo, abin da ke tsakanin wancan da ke sai ɗan kumfa da tsumma. Ciwon hanta, irin wanda likitoci ke kira nau'in B, ta jini yake bi, ƙwayarsa tana iya yin mako guda a jikin ƙarfe da busasshen jini ba ta mutu ba, kuma kin san yadda ya yi yawa a ƙasarmu.

Saboda haka na sayi ƴan akwatunan yankan farce, za su zo ta hannun mai tafiya Yamai a ƙarshen wata, a ɗora su a motar Maradi. Ɗaya na maigidanki ne, tunda shi ne ba ya tafiya masallacin Juma'a sai ya kira mai almakashi. Kada ya kore shi, ya kira shi ya miƙa masa nasa kayan, ya biya shi yadda ya saba. Ɗaya na yara.

Na Inna kuwa ki ajiye a wurinki, saboda ciwon sugarta. A wurin aikinmu ba a bari mu yanke farcen ƙafar mai ciwon suga, sai ma'aikaciyar jinya ko likitan ƙafa, saboda ƙafarsu ba ta jin ciwo sosai kuma ɗan yanka kan zama gyambon da ba ya warkewa. Ki hana kowa sa mata reza a dugadugi, har Gwaggo da ke ganin ta fi kowa iyawa. Ruwan ɗumi da kika gwada da gwiwar hannunki, a goge a hankali, a busar da tsakanin yatsu, man kaɗanya a dugadugi kawai. In kin ga wuri ya canza launi ko yana ruwa, asibiti a ranar.

Mai kawo saƙon zai dawo bayan wata ɗaya. Ki sa a daka mini lalle tiya guda, sabon ganye, a tankaɗe shi da kyau a ɗaure a leda biyu, a rubuta sunansa a jiki don masu binciken filin jirgi. Ki gaida Baba da kowa da kowa.