Mai, Shelak ko Banish: Abin da Sabon Kafinta Zai Duba Kafin Ya Saya

Wanda ya gama haɗa teburinsa na farko, ya goge shi da sanfefa har hannu ya daina jin kaushi, yakan ɗauka cewa aiki ya ƙare, alhali abin da zai shafa wa katakon shi ne zai nuna ko teburin zai shekara ashirin da kyansa, ko kuwa zai dusashe tun shekara ba ta zagayo ba. Gwangwanayen da ake sayarwa suna da yawa, kowanne da sunansa mai ɗaukar hankali, amma idan aka duba abin da ke cikinsu, kashi biyu ne kawai. Akwai waɗanda ke nutsewa cikin katako, wato mai, akwai kuma waɗanda ke kwanciya a kansa su bushe su zama fata mai tauri, wato shelak da banish. Kafin a zaɓi ɗaya, tambayoyi biyu ne ya kamata mutum ya yi wa kansa: wace irin wahala kayan zai sha a wurin da za a ajiye shi, kuma ranar da ya yi tabo, ta yaya za a gyara shi? Tambaya ta biyun ce aka fi mantawa da ita, kuma a ganina ita ce ta fi muhimmanci ga mai koyo.

Mai an daɗe ana amfani da shi, kuma shi ne mafi sauƙin shafawa. Man linsid ana tatso shi ne daga 'ya'yan shukar da ake samun zaren lilin daga jikinta, kuma abin da ya bambanta shi da man girki shi ne, idan iska ta taɓa shi yakan daskare a hankali a cikin ƙofofin katako. Ɗanyensa kan ɗauki kwanaki masu yawa, wani lokaci har makonni, bai bushe ba, shi ya sa aka fi sayar da wanda ake kira dafaffe, ko da yake a yau yawanci ba dafa shi ake yi ba, sinadaran ƙarfe irin su kobalt da manganis ake zuba masa domin ya bushe cikin kamar kwana ɗaya. Ana zuba shi a tsumma a jiƙa katakon sosai, a bar shi minti 15 zuwa 20, sannan a goge duk abin da ya rage a sama har wurin ya zama kamar ba a shafa komai ba. Wanda ya bar mai ya kwanta da kauri zai wayi gari ya tarar da tebur mai danƙo, kuma wannan danƙon ba ya tafiya da kansa. Kyan man linsid yana cikin yadda yake fito da zanen katako, ya ba shi launi mai ɗumi, rauninsa kuwa shi ne ba ya tare ruwa sosai, kuma yana ƙara duhu da tsufa.

Man tung, wanda ake samu daga ƙwayar wata bishiya da asalinta ƙasar Sin ne, inda aka daɗe ana shafa shi a jikin jiragen ruwa na katako, ya fi na linsid jure ruwa, kuma ba ya yin duhu kamarsa. Sai dai yana bukatar haƙuri, domin tsantsarsa kan so shafi 5 zuwa 7, da tazarar kwana biyu ko uku tsakanin kowane shafi, kuma kafin ya gama ƙarfi gaba ɗaya akan kai wata guda. A nan ne mai saye ya kamata ya buɗe ido, domin gwangwanaye da yawa da ke ɗauke da sunan tung ba tsantsar man ba ne, banish ne da aka tsinka, ko gaurayen mai da banish, irin wanda ake sayarwa da sunan man Danish. Ba wai waɗannan ba su da kyau ba ne, amma mutum yana da haƙƙin sanin abin da ya saya. Idan an rubuta a jikin gwangwanin cewa akwai ruwan tsinkawa na fetur a ciki, to ba tsantsa ba ne. Akwai kuma gwajin da kowa zai iya yi a gida: a ɗiga ɗigo ɗaya a kan gilashi, a bar shi kwana biyu. Idan ya bushe sumul da tauri har farce bai shige shi ba, banish ne. Idan ya yi yamutsi kamar fatar tsohon hannu, ya kuma kasance da laushi, mai ne ya fi yawa a cikinsa.

Akwai haɗari ɗaya tattare da waɗannan mayuka da ba zan wuce ban faɗa ba. Yayin da mai ke bushewa yana fitar da zafi, kuma idan aka dunƙule tsummokaran da aka yi aiki da su aka jefa a kwando, zafin yakan taru har su kama da wuta ba tare da ashana ba. Haka aka yi a watan Fabrairun 1991 a birnin Filadelfiya na Amurka, inda tsummokaran man linsid da ma'aikata suka bari a hawa na 22 na wani bene mai hawa 38 suka haddasa gobarar da ta yi sanadin mutuwar ma'aikatan kashe gobara uku. Maganin abin mai sauƙi ne: a shanya kowane tsumma shi kaɗai a fili har ya bushe ya yi tauri, ko a nutsar da su cikin ruwa a gwangwanin ƙarfe mai murfi.

Shelak kuwa wani ƙaro ne da wani ƙaramin ƙwaro ke fitarwa a kan rassan bishiyoyi, musamman a Indiya da Tailan. Ana sayar da shi a narke, ko kuma a busasshen ɓawo wanda mutum zai narkar da kansa cikin sifirit, kuma haɗin da aka saba shi ne kamar giram 240 a lita ɗaya. Ina ba da shawarar sayen busasshen, domin narkakken shelak ba ya daɗewa. Bayan wata shida zuwa shekara yakan fara ƙin bushewa yadda ya kamata, kuma mai saye ba koyaushe yake sanin tsawon zaman da gwangwani ya yi a kanti ba. Shelak yana bushewa cikin ƙasa da awa ɗaya, yana ba katako wani irin zurfin sheƙi da ba a cika samu a wani abin ba, kuma da shi ne ake yin gogen nan da ake dangantawa da Faransa, wanda ya ƙawata kayan ɗaki masu tsada a ƙarni na 19. Babbar falalarsa ita ce gyara, domin sabon shafi yana narkar da tsohon su zama abu guda, don haka ƙarzuwa takan ɓace da ɗan tsumma da sifirit. Amma kofin shayi mai zafi, ko turare da ya zube, ko ruwan wanki mai ƙarfi, duk suna iya ɓata shi. Ya dace da akwati, da kantar littattafai, da firam ɗin hoto, bai dace da teburin cin abinci ba.

Teburin cin abinci da duk kayan da hannu da ruwa ke yawan taɓawa, wurin banish ne. Wanda ya fi yawa a kasuwa yanzu shi ne mai sinadarin foliyuretan, wanda Otto Bayer da abokan aikinsa suka fara haɗawa a Jamus a 1937. Iri biyu ne, kuma bambancinsu ya isa a tsaya a kansa. Banish mai tushen mai yana kwanciya da kauri, shafi uku sun wadatar, yana jure zafi da ƙarzuwa ƙwarai, amma yana da wari mai ƙarfi, yakan so a ba shi kusan kwana ɗaya tsakanin shafi da shafi, kuma yana sa katako ya yi ruwan zuma, launin yana ƙaruwa da shekaru. A kan katako mai duhu kamar mahogani wannan ado ne, a kan farin katako kuwa wasu ba sa so. Mai tushen ruwa a gwangwani fari yake kamar madara, amma yana bushewa garau ba launi, cikin kamar awa biyu, warinsa kaɗan ne, kuma da ruwa ake wanke buroshinsa. Shafinsa siriri ne, don haka akan yi huɗu, kuma na farkon yakan tayar da gashin katako ya yi kaushi, sai an bi shi da sanfefa mai laushi. Kada a goge shi da soson ƙarfe, domin ɓurɓushin da ya maƙale zai yi tsatsa ya bar ɗigo-ɗigon baƙi a ƙarƙashin shafin.

Aibin banish na kowane iri shi ne ranar gyara. Sabon shafi ba ya narkewa cikin tsoho, saboda haka idan ya tsage ko ya ɓare a wuri ɗaya, faci yakan fito fili, kuma sau da yawa sai an kankare fuskar teburin gaba ɗaya an sake. Kayan da za su zauna a waje kuma suna da nasu banish, irin na jiragen ruwa, wanda aka ƙara masa mai domin ya riƙa miƙewa tare da katako, da sinadarin tare hasken rana. Ko shi ma sai ana sabunta shi a kai a kai.

Shafin feshi da masana'antu ke amfani da shi, wato lacquer, wanda ya yaɗu tun shekarun 1920 a masana'antar motoci, yana da kyau da saurin bushewa, amma yana bukatar injin feshi da wuri mai iska sosai, kuma tururinsa na kama wuta, don haka ba abin da mai koyo zai fara da shi ba ne. Kakin zuma shi kaɗai kariyarsa kaɗan ce, amfaninsa shi ne a shafa a kan wani abin da ya riga ya bushe domin santsi. Katakon yankan nama da cokulan itace kuwa, farin man ma'adinai da aka tace domin abinci ya fi dacewa da su, tun da man girki yakan lalace ya yi wari a cikin katako.

Idan aka ce in zaɓa wa mai koyo abu ɗaya, zan ce ya sayi ƙaramin gwangwanin banish mai tushen mai, da ruwan tsinkawar da aka ambata a jikin gwangwanin, ya gauraya su rabi da rabi, ya shafa da tsumman auduga maimakon buroshi. Dalilina shi ne, kusan duk ɓarnar da sabon hannu ke yi daga buroshi take fitowa: kumfa, da sawun gashi, da zuba a gefen ƙafa. Tsinkakken banish yana kwanciya siriri, yana bushewa kafin ƙura ta samu wurin zama, kuma mutum yana da ikon tsayawa inda ya ga dama. Shafi uku za su ba teburin kamannin mai da katako ke nunawa a fili, shida kuwa za su ba shi kariyar da ta kusa ta shafi uku na buroshi. Lita ɗaya ta banish takan rufe kusan murabba'in mita 10 zuwa 12 a shafi guda, don haka ƙaramin gwangwani ya ishi tebur, kuma babban da aka buɗe aka ajiye yakan yi fata ya daskare kafin a sake bukatarsa.

Duk wanda aka zaɓa, akwai abubuwan da za a saya tare da shi. Sanfefa lamba 120 da 180 domin ɗanyen katako, da 320 domin gogewa tsakanin shafi. Kuma a riƙa bin tsawon zanen katakon, domin layin da aka ja a karkace ba ya ganuwa sai an shafa mai, a lokacin kuma ya fito ɓaro-ɓaro. Haka ma gam ɗin da ya tsatso a mahaɗa. Na taɓa shafa wa wata ƙaramar kujera mai, sai ga farin tabo kamar sawun babban yatsa a kusa da ƙafarta, inda na share gam da hannu ban wanke ba, kuma sai da na kankare wurin har zuwa ɗanyen katako kafin ya tafi. Tun daga nan nake shafa ɗan ruwan tsinkawa a ko'ina kafin in fara, domin yana tona irin wannan tabon, sannan ya bushe ba tare da ya bar komai ba.

Katakon kansa sai ya bushe, danshinsa bai wuce kashi 12 cikin ɗari ba idan kayan ɗaki ne, kuma a shafa ƙasan tebur kamar yadda aka shafa samansa, domin idan fuska ɗaya ce kawai aka rufe, ɗayar za ta riƙa shan danshi ita kaɗai har allon ya lanƙwashe. A tanadi safar hannu da abin rufe hanci, a yi aiki inda iska ke ratsawa. A kuma ajiye guntun katakon da ya rage daga aikin, a yi masa duk abin da za a yi wa teburin, shafi bayan shafi, domin a kansa ne za a ga ainihin launin da zai fito. Bayan shafi na ƙarshe, ko da hannu ya ji ya bushe washegari, banish mai tushen mai yakan kai kusan kwana 30 kafin ya gama ƙarfi, saboda haka a wannan watan kada a shimfiɗa masa leda, kada kuma a ɗora masa tukunya mai zafi ko wani abu mai nauyi.