Tsohuwar a-kori-kura mai shan mai: laifin inji ne, ko na birki da taya?

Ɗan'uwa, ka ce a-kori-kurarka mai fetur, ƙirar 1998 mai injekta, ta fara shan mai fiye da yadda ka saba. Wani makaniki ya ce a canza fulogi da sensar oksijin (na'urar da ke auna iskar oksijin a cikin hayaƙin inji), wani kuma ya ce a fara da birki da tayoyi, kana tambaya wanne za ka bi.

Kowannensu yana da hujjarsa. Ko dai injin yana zuba fetur fiye da abin da yake iya ƙonawa, ko kuma lafiyarsa ƙalau, wani abu ne ke riƙe motar, shi kuwa yana ta fama da ja. Alamomin biyun ba ɗaya ba ne, haka ma wahalar gano su.

Amma ka fara aunawa tukuna, don allurar tanki a tsohuwar mota ba abin dogaro ba ce. Cika tanki har famfo ya tsaya da kansa, rubuta lambar maleji, yi zirga-zirgarka yadda ka saba, sannan ka koma famfon nan ka sake cikawa. Raba kilomita da lita: kilomita 400 a kan lita 50, kilomita 8 ke nan a kowace lita. In ka sa tayoyin da suka fi na kamfani girma, malejin zai riƙa ƙirga ƙasa da tafiyar da ka yi, lissafin ya fito da muni fiye da gaskiya. Ka kuma leƙa ƙarƙashin motar. Warin fetur ko danshi a jikin tanki da tiyo yoyo ne, kuma wannan maganar gobara ce, ba a jinkirta ta.

In riƙewa ce, injin yana sulo daidai, babu hayaƙi, amma da ka ɗaga ƙafa daga totur sai gudun ya mutu nan da nan. Yi 'yar tafiya ba tare da yawan taka birki ba, ka tsaya, ka kai bayan hannunka kusa da kowace ƙafar motar, kada ka taɓa. Wadda ta fi sauran zafi, ko take warin ƙuna, birkinta bai saki ba, ko kuma boris ɗinta ya ci. Ɗaga ta da jak ka juya da hannu, za ka ji. A tsofaffin motocin kaya, wayar birkin hannu takan yi tsatsa ta maƙale, ƙafafun baya su yi ta gogawa direba bai sani ba. In motar mai jan ƙafa huɗu ce, tabbatar ba a bar makullin ƙafafun gaba a kulle ba.

Iskar taya kuwa, a auna ta da sanyi, a bi lambar da ke manne a jikin ƙofa. Sai dai kada ka ɗora mata laifin da ya fi ƙarfinta. Ma'aikatar makamashi ta Amurka ta ƙiyasta asarar kusan kashi 0.2 cikin 100 na mai a kan kowane psi (ma'aunin iskar taya) ɗaya da tayoyin suka rage, wato ko sun rage psi 10, asarar ba ta wuce kashi 2 ba. Wanda shan mansa ya ƙaru da kwata, ba a taya matsalarsa take ba.

Ɓangaren inji ya fi zurfi, kuma a nan babbar ɓarna ta fi zama. Injin fetur yana son iska kashi 14.7 a kan fetur kashi 1 a ma'aunin nauyi. In fetur ya yi yawa, za ka ga baƙin hayaƙi, bakin salansa ya yi baƙin toka mai kama yatsa, ƙamshin ɗanyen mai ya riƙa fita. Kwance fulogi ɗaya ka duba: ruwan ƙasa mai haske lafiya ce, baƙi busasshe kuwa mai ya yi yawa. Sabon fulogi ba zai gyara wannan ba, shi ma baƙi zai yi, tunda ba shi ke zubo man ba.

Ni a nan zafin inji nake fara tuhuma. Inji mai sanyi ana ƙara masa fetur da gangan har ya kai zafinsa, wajen digiri 90 a ma'aunin Salsiyas. In tamostat, wato 'yar ƙofar da ke tare ruwa har inji ya ɗumama, ta maƙale a buɗe, ko wani ya cire ta gaba ɗaya don tsoron zafi, ruwa zai yi ta zagaya lagireto, injin ya daɗe bai ɗumama ba, kwamfutar motar kuma ta ci gaba da ƙarin mai. Cire tamostat ɗabi'a ce da nake baƙin ciki da ita ƙwarai, domin bayan man da take ci, fetur ɗin da bai ƙone ba yana wanke baƙin mai daga bangon silinda, injin ya tsufa kafin lokacinsa. Haka nan in sensar zafin ruwa ta lalace tana nuna sanyi alhali injin ya yi zafi. Sai kuma na'urar daidaita matsin fetur: zare ƙaramin tiyon iska da ke kanta, in ka ga fetur a ciki, fatarta ta fashe, injin yana tsotsar mai ta bayan fage.

Sensar oksijin kuwa sau da yawa 'yar aike ce, abin da ta gani take faɗa. In akwai huji a bututun hayaƙi kafin a kai gare ta, iska za ta shiga, sensar ta ce mai ya yi kaɗan, kwamfuta ta ƙara. Ka sayi sabuwa, ita ma haka za ta ce. Tun 1996 Amurka ta wajabta tsarin OBD-II, na karanta matsalar inji daga kwamfutar mota, a ƙananan motoci da a-kori-kura, don haka in motarka ta kasuwar can ce, akwai soket ƙarƙashin sitiyari. A jona na'urar dubawa a karanta zafin ruwa da yawan gyaran da kwamfuta ke yi wa mai. In gyaran ya wuce kashi 10 cikin 100 sama ko ƙasa, da magana. Lafiyayyar sensa irin ta wancan zamani tana kai-komo da sauri tsakanin volt 0.1 da 0.9 na ƙarfin lantarki. Cikin lambobin matsala da na'urar ke nunawa, P0172 tana nufin mai ya yi yawa, P0171 ya yi kaɗan, P0128 kuwa injin bai kai zafinsa ba.

Masu kafireto a cikinmu, naku ya fi sauƙi: cok da ya maƙale, fulot da ya cika kofi, tayimin da ya koma baya, da filtar iska. Toshewar filta ta fi cutar da ku, domin a mai injekta kwamfuta tana rage mai daidai da iskar da ta shigo, ƙarfi ne ke raguwa.

Shawarata, bi makaniki na biyu da farko, don bincikensa ba ya cin awa guda kuma ba a sayen komai. In ƙafafu huɗun suna juyawa sakayau, koma wurin na farko, amma kada ya kwance komai sai ya nuna maka zafin ruwa da lambobin gyaran mai a fuskar na'ura, inji yana zafi. Turo mana su tare da kilomitan da ka samu a lita da hoton fulogi ɗaya, mu duba tare.