Kulle resolv.conf ko gyara shi daga tushe: ga wanda zan ce ka ɗauka

Wa alaikumus salam ɗan'uwa. Ka tambaya wace hanya za ka bi ka gyara matsalar da ta taso a Linux ɗinka bayan ka sabunta shi. Tunda ping 8.8.8.8 yana amsawa amma apt, manhajar girka kunshi, na ce maka "Temporary failure resolving" tun bayan sabuntawar, layinka lafiya ƙalau yake, DNS ne ya ɓace, wato tsarin da ke mayar da sunan shafi zuwa adireshin IP. Hanyoyi biyun da ka kawo, kulle /etc/resolv.conf (fayil ɗin da ke ɗauke da adireshin sabar DNS) da chattr +i don kada a iya canza shi, ko rubuta saitin a wurin systemd-resolved (sabis ɗin da ke kula da DNS), duk na bi su.

Kullewa tana aiki, ba zan musa ba. Amma ta wahalar da ni. Na kulle fayil ɗin a kwamfutar aikina na manta. Watanni bayan haka aka ba mu VPN, ya haɗu, amma sunan sabar cikin gida ko ɗaya ba ya buɗewa, domin VPN ɗin na son rubuta nasa nameserver (adireshin sabar DNS), fayil ya ƙi. Har root, asusun da ke da cikakken iko, sai a ce masa "Operation not permitted". Sai a dare na biyu umarnin lsattr ya nuna mini ɗan ƙaramin harafin i ɗin nan, alamar kullewar.

Ɗaya hanyar kuwa, ita ta cece ni ranar da na ɗaga wata tsohuwar sabata daga Debian 11 zuwa 12 a 2023. Ina sake kunna ta, komai ya yi tsit. Na buga ls -l /etc/resolv.conf, sai ga sunan da jan launi, mahaɗi ne kawai, kibiya na nuna /run/systemd/resolve/stub-resolv.conf, alhali babu fayil ɗin sam. Ashe a Debian 12 an raba systemd-resolved ya zama kunshi mai zaman kansa, kuma ɗaga sigar ba ya girka shi da kansa. Ga ni ina buƙatar apt, apt kuma na buƙatar DNS. Sai na goge mahaɗin, na rubuta layi ɗaya tal, nameserver 9.9.9.9, don dai a samu numfashi, sannan na girka systemd-resolved. Daga nan na buɗe fayil nawa na kaina a /etc/systemd/resolved.conf.d/, na sa [Resolve], a ƙasa DNS=9.9.9.9 1.1.1.1, na sake tayar da sabis ɗin. Wallahi tun daga ranar sabuntawa nawa suka wuce ta kanta, ban sake shiga wurin ba. Dalili kuwa, babu wani kunshi da ya mallaki wannan fayil nawa, don haka babu mai taɓa shi.

Kada ka firgita in ka ga 127.0.0.53 a cikin resolv.conf, haka yake. Ainihin adireshin da ake tambaya, resolvectl status ne zai nuna maka. Ka leƙa /var/log/apt/history.log kuma, a nan za ka ga abin da aka cire ko aka girka ranar sabuntawar. Idan NetworkManager, manhajar kula da haɗin intanet, ke riƙe da na'urarka, to a can za ka sa ipv4.dns da umarninsa nmcli, tunda shi ne mai sake rubuta resolv.conf.

Ba ka tambaya ba, amma sai na faɗa. Akwai masu tallar wai DNS mai saurin walƙiya, su karɓi kuɗinka, su ba ka layi ɗaya ka liƙa da sudo, wato da ikon root. Kada ka kuskura. Wanda ya riƙe DNS ɗinka ya san duk inda kake zuwa, kuma yana iya karkatar da kai shafin banki na bogi. Haka muguwar manhajar DNSChanger ta yi wa kwamfutoci kusan miliyan 4 kafin hukumar FBI ta Amurka ta wargaza gungun masu ita a 2011.

Ka ɗauki ta biyu. In ma ka riga ka kulle, buɗe shi da chattr -i tukuna, sannan ka turo mana abin da ls -l ya nuna maka.