Kyandir a Jos: farafin ko kakin zuma?

Mai son fara sana'ar kyandir a gida, farafin, wato farin kakin da ake yin kyandir da shi, ya fi mata sauƙin jari. Daga ɗanyen man fetur ake samunsa, yana da araha, yana karɓar kala da turare sosai. Matsalarsa sanyin Jos: in ya huce da gaggawa lokacin hunturu, tsakiyarsa kan lotsa, sai an sake ƙara narkakke a kai.

Kakin zuma kuwa tsada gare shi, kuma wasu masu sayarwa kan gauraya shi. Sai zafi ya kai wajen digiri 62 yake narkewa, don haka yana son lagwanin auduga mai kauri. Siriri nutsewa yake ya mutu. Amma kyandir ɗin kakin zuma yana daɗewa yana ci, ga ƙamshin zuma.

Ni dai, kyandir na lokacin ɗauke wuta farafin, na kyautar biki kakin zuma.