Wane Makulli Ya Dace da Aikinka a Cikin Kanel na Linux?

Kanel shi ne zuciyar babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta, makulli kuma shi ke hana ayyuka biyu taɓa bayanai ɗaya a lokaci guda. Kafin a zo maganar sauri, tambaya ɗaya ce ke raba gardama: a inda lambarka (umarnin manhajar da ka rubuta) take gudana, an yarda ta yi barci ko kuwa?

In an yarda, ɗauki makullin da ake kira miyuteks (mutex). Aikin da ya same shi a kulle sai ya kwanta, furosesa ta koma kan wani aikin, a tashe shi in an buɗe. Ingo Molnar ne ya kawo shi cikin Linux 2.6.16 a 2006, da dokoki masu tsauri: wanda ya kulle shi kaɗai ke buɗewa, kuma ba a taɓa shi a cikin mai amsa katsewar na'ura, wato lambar da ke gudana nan take idan wata na'ura ta katse furosesa. Ni dai wannan tsaurin ne ya sa nake fifita shi, domin kuskure ba ya samun wurin ɓuya.

Makullin sifinlok (spinlock) kuwa ba ruwansa da barci. Mai jira zai yi ta zagaye yana cin ƙarfin furosesa har a saki, don haka sai ga ɗan gajeren aiki. Muddin yana hannunka, kada ka kira copy_from_user ko kmalloc da GFP_KERNEL, duka biyun suna iya kwanciya. Idan kuma mai amsa katsewa yana taɓa bayanan, spin_lock_irqsave za ka nema, wanda ke toshe katsewa a furosesar muddin makullin yana hannu. In ba haka ba, katsewa za ta faɗo wa furosesar da ke riƙe da makullin, ta tsaya jiran wanda ita ce ta hana shi motsi, na'ura ta sandare ƙam. A lura, a kanel mai PREEMPT_RT (tsarin da ke sa kanel ya amsa aiki a kan kari), wanda ya gama shiga Linux a 6.12 cikin 2024, sifinlok na gama-gari yana iya barci. Raw_spinlock_t ne ke zagaye na gaske.

Semafo (semaphore), makulli mai ƙidaya, dabarar masanin kwamfuta Dijkstra tun shekarun 1960, yana da amfani idan ana ƙidayar masu shiga. Ba shi da mai shi, wato kowa na iya buɗe shi, shi ya sa sabuwar lamba ba ta cika nemansa ba.

Inda masu karatu suka fi masu rubutu yawa nesa ba kusa ba, tsarin RCU (karanta, kwafa, sabunta) ya fi makullin karatu da rubutu, tunda mai karatu ba ya jiran kowa. Wahalar tana kan mai rubutu: ya kwafi bayanan, ya gyara kwafin, ya sauya manuni ya koma kan kwafin, sannan ya dakata tsofaffin masu karatu su fita kafin ya share na dā.

Ko wanne ka ɗauka, kunna CONFIG_PROVE_LOCKING lokacin gwaji, lockdep, mai binciken makullai na kanel, zai tona maka duk inda aka kulle makullai biyu a jeri mai karo da juna.